Sandar Sinuka da Gashin Bakin Kawu

Zuwa ga 'yata Shiru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Yaya mahaifiyarki, sannan ki durƙusa ki gaishe mini da Inna. Ni lafiyata ƙalau, ina nan a kan katafilata muna ta fama da dutse. Waya ba ta kamawa a wurin aikin nan, shi ya sa muka koma takarda. Direban motar da ke kawo mana kayan abinci shi zai ba ki wannan, shi kuma za ki riƙa ba amsa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kamfani ya ajiye mana teburin sinuka, wasan nan na tura ƙwallaye rami da sanda, a ɗakin cin abinci. Tun da aka kawo shi ban buga ba, domin sandunan da suka zo da shi duk a karkace suke kamar wutsiyar kare, kuma na sha gaya musu gwani ba ya wasa da sandar da hannunsa bai saba da ita ba. To akwai wani Mai Walda a nan, yana da sanda mai tsada a jakar fata, ya cinye kowa har Oga. Jiya ya ce a gaban jama'a wai bakina ne kawai ya iya sinuka. Magana ta yi tsawo, aka yanke cewa ranar da sandata ta iso za mu kara, wanda aka cinye a aske masa gashin baki a tsakiyar ɗakin. Kin dai san gashin bakina. Tun kafin a haife ki nake kiwonsa.

Saboda haka ki duba saman sif ɗin ɗakina, za ki ga doguwar baƙar jaka. Sandar tana ciki, gida biyu ce, murɗa su ake yi su haɗu. Ki riƙe ta da hannu biyu, don darajarta ta fi ta babur. Ki ba Direba. Mai Walda da mutanensa suna tsaye a kaina yanzu haka, suna gaishe ki.

Kawunki.

Ƙari, yanzu da suka tafi: in kin duba ba ki gan ta ba, kada ki wahalar da kanki. Ko kaɗan fa, Shiru. Ko kaɗan.

*

Zuwa ga Kawuna,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Umma tana gaishe ka. Mun fara jarrabawar gwaji, lissafi ya zo da sauƙi, Turanci ne ya ɗan yi gardama. Kaka ta amsa gaisuwarka, ta ce in tambaye ka ko abinci yana isa cikinka, ko har yanzu gashin bakin ne yake tare rabi a hanya.

Kawu, ina roƙon ka karanta har ƙarshe kafin ranka ya ɓaci.

Na taka kujera na sauko da jakar. Babu komai a ciki sai ɗan shuɗin alli mai rami a tsakiya da gawar kyankyaso. Na zauna a bakin gadonka ina tunani. Can sai na tuna inda nake ganin wani abu mai kama da abin da ka kwatanta.

Akwai abin da Umma ta hana a gaya maka don kada hankalinka ya tashi. Bayan tafiyarka Kaka ta zame a banɗaki, gwiwarta ta kumbura. Likita ya ba ta sandar ƙarfe, ta ce ita ba tsohuwa ba ce, ta jingine ta a bayan ƙofa. Rannan Umma tana kakkaɓe ɗakinka ta buɗe jakar, Kaka ta hango rabin nan mai kauri, mai zanen ado da roba a gindi. Ta dogara shi, ta ce kamar an auna ta aka yi. Ta naɗe ɗan ƙarfen da ya fito a samansa da tsumma, tun daga ranar ba su rabu ba. Da shi take shiga maƙwabta, da shi take korar kaji, da shi take nuna mini inda ban share ba.

Ɗaya rabin, siririn, yana falo. Ka san fankarmu ba ta tashi sai an tura ta. Umma ta ce duk gidan babu abin da ya kai shi dacewa da aikin. 'Yar fatar da ke kan tsininsa ta fita tuntuni, ina jin fankar ce ta cinye ta.

Na yi wa Umma bayani cewa darajar sandar ta fi ta babur. Ta dube ni, ta dubi sandar, ta ce, "Wane babur? Na wasan yara?" Amma dai ta ba ni. Yanzu da sandar mofa muke tayar da fanka.

Kaka ce ban iya tunkara ba tukuna. Nakan je har ƙofar ɗakinta, in ta ce "Mene ne?" sai in ce ruwa na zo tambaya ko za ta sha. Jiya ta ce in na ƙara kawo mata ruwa za ta fara iyo.

Kawu, ƙarin da ka yi a ƙasan takarda na karanta shi har na haddace. Mutum yana cikin irin wannan hali, amma tunaninsa kada 'yarsa ta wahala. Sai da idona ya cika. Ka kwantar da hankalinka. Ko me za a yi, sandarka za ta same ka.

'Yarka mai biyayya,
Shiru.

*

Zuwa ga Kawuna,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan aiki yana tafiya daidai. Mu duk lafiya, sai Umma da ta yi 'yar mura, ta kuwa samu sauƙi.

Direba ya zo ya koma, na tare shi a bakin titi, ya ce babu saƙo. Na san fushi ka yi, kuma kana da gaskiya. Shi ya sa ban zauna ba.

Na fara da gyaran tsinin. Akwai shagon sinuka kusa da mai aski, inda samari suke cika. Ka san ni, ko a aji malami ya kira sunana sai muryata ta maƙale. Na wuce ƙofar, na dawo, na sake wucewa, har mai askin ya ce, "'Yan mata, aski za a yi ne?" Sai na runtse ido na faɗa shagon, da kayan makaranta a jikina da rabin sanda a naɗe cikin jarida.

Duk suka juyo suka dube ni. Wani ya ce, "Ku matsa, zakara ta iso." Suka kwashe da dariya. Mai shagon dattijo ne, ya daka musu tsawa, ya karɓi sandar ya kwantar da ita a kan koren ƙyallen teburin ya mirgina. Tana tafiya tana ɗingishi.

Ya ce, "Me aka yi da wannan? Kwale-kwale aka tuƙa?"

Na ce, "Fanka ce, Baba."

Ya ce, "Fanka." Ya jawo akwatin kayan aikinsa.

Ya manna mata sabuwar fata, ya goge ta har ta yi kan ƙwai, sannan ya tambaye ni ta wane ne. Na ce ta Kawuna ce mai tuƙa katafila.

"Mai gashin bakin nan kamar hannun keke?"

Na ce shi ne. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya kai ni gefen teburin ya nuna mini wani dogon ɗinki a jikin ƙyallen. Ya ce, "Kin ga wannan? Aikinsa ne. Bugu ɗaya tak." Ya nuna mini taga da aka toshe da kwali, ya ce, "Wannan ma shi ne." Ya ce duk daɗewarsa a sana'ar nan bai taɓa ganin ɗan wasa irinka ba, kuma ba zai manta da kai ba har ya koma ga Allah. Kawu, daɗi ya kama ni. Ban san ƙarfin hannunka ya kai haka ba.

Na tambaye shi ko karkacewar za ta rage mata daraja. Ya ce kada in damu, irinta ce ake haɗa wa mutum da alli kyauta in ya saya, kuma a hannunka duk sanduna ɗaya suke. Ka ji yadda mutane suke yabonka a bayan idonka.

Saura Kaka. Na ce ba zan raba ta da abin dogara ba sai na kawo madadi. Na kawo mata sandar asibitin, ta ce sanyi gare ta kamar hannun likita. Na kawo lemar Umma, ta ce, "In ruwa ya sauko fa? In dogara ko in buɗe?" Na aro ta maigadin layinmu, ta yi taku kaɗan ta jefar, ta ce, "Ke, hannuna bai saba da su ba." Na ce a raina, ashe gado ka yi.

Da dabara ta ƙare sai na durƙusa na gaya mata gaskiya, tun daga Mai Walda har sharaɗin wasan.

Ta ce, "Tsaya. Wanda aka cinye a yi masa me?"

"A aske masa gashin baki, Kaka."

"Duka?"

"Duka."

"Kuma shi zai buga? Da hannunsa?"

Na ce e. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna ta rawa. Da ta buɗe, hawaye ne shaɓe-shaɓe. Ta kwance tsumman da kanta, ta goge sandar da gefen zaninta, ta miƙo mini. Ta ce, "Maza, kada motar ta tafi ta bar ta. Miƙo mini waccan ta asibitin, zan lallaɓa."

Kawu, ban taɓa ganin son uwa irin wannan ba.

Ga sandar nan na haɗa da wannan takarda. Tana ɗan warin man zafin Kaka, na goge bai fita ba. Allah ya ba ka nasara.

'Yarka,
Shiru.

*

'Yata Shiru,

Na samu wasiƙarki mai labarin gwiwar Inna. Madalla! Wato ina nufin Allah ya ba ta lafiya, labarin ya tayar mini da hankali ƙwarai.

Ki saurare ni da kyau. Kada ki taɓa sandar nan. Ki bar wa Inna ita har illa masha Allah. Siririn rabin ma ki mayar wa Yaya, zafi ba shi da kyau ga mai karatu.

Na karanta wa jama'a wasiƙarki da ƙarfi a ɗakin cin abinci, ban da sakin layin ƙarshe. Na ce sandata ta zama ƙafar uwata, wanda yake so in ƙwace ƙafar uwata ya ɗaga hannu. Babu wanda ya ɗaga. Mai Walda har da share ido, ya ce shi ma yana da tsohuwa a gida. An ɗage wasa sai yadda hali ya yi. Tun jiya abinci yake mini daɗi.

Ki mai da hankali kan Turancinki. Maganar sanda ta mutu.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaishe ka.

Na ba Direba jakar, ya sa ta a bayan kujerarsa, ya tayar da mota. Sai ya leƙo ta taga ya ce, "Af, 'yan mata, ga wata takarda. Tun wancan zuwan take aljihun ƙofa, na sha'afa." Ya miƙo mini ya ja mota. Ban buɗe ba sai da ya sha kwana, don ban ga ya dace in karanta wasiƙarka a gaban mutane ba.

Na bi shi da gudu, ni da ko a filin makaranta ba na gudu. Takalmina ɗaya ya cire. Mai aski ya ce, "Yau kuma tsere ake yi?"

Na san wannan za ta iske ka bayan komai ya wuce. Na saɓa maka ba da sani ba. Abin da yake ɗan sanyaya mini rai shi ne gwani kamarka ba zai ji komai ba. Kaka kullum sai ta tambaye ni ko labari ya zo.

'Yarka mai neman gafara,
Shiru.

*

'Yata Shiru,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Yaya da Inna. Ki share hawayenki. Yanzu haka da hannun hagu nake murza gashin bakina, da na dama nake rubutu.

Direban nan ba shi da sirri. Ana tsakar cin abincin rana ya shigo ɗauke da jakar a hannu biyu kamar jariri, yana cewa, "Ta iso! Tsohuwa ta ce a buga!" Loma ta tsaya mini a wuya, don murna. Kafin in sha ruwa an janye kujeru, mai dafa abinci ya kawo reza da sabulu ya ajiye a gefen tebur.

Na buɗe jaka na murɗa sandar. Nan take ɗakin ya ɗauki wari. Mai Walda ya matso ya shinshina, ya ce, "Wane mai ne wannan?" Na ce sirrin gida ne. Na ga idonsa ya canja. Ya dubi zanen adon, ya dubi sabuwar fatar, ya tuna duk abin da na sha faɗa a kanta. Sai ya juya wajen Oga ya ce bai yarda ba, in na ci sandar ce ta ci, ba ni ba. In ni namiji ne mu yi musanya.

Na nuna kamar ba na so. Na ce darajarta ta fi ta babur, in ta karye fa? Jama'a suka sa baki, na haƙura na miƙa masa.

Tasa sandar santsi gare ta kamar kifi, ba ta zama a hannu. Bugun farko farar ƙwallon ta tashi sama ta faɗa tukunyar shayi. Na yi haka ne don in gwada nauyinta. Shi kuwa ya sunkuya, ya auna, ya sake aunawa, ya buga. Ƙwallo ta nufi gabas, shi yamma ya aike ta. Ya dubi sandar. Ya sake bugawa, ta sake yin inda ta ga dama. Mutumin da bai taɓa riƙe wata sanda ba sai tasa miƙaƙƙiya, yau ga shi da wadda ta yi aikin fanka. Gumi ya karyo masa, ya share da hannu, man zafin Inna ya shiga idonsa.

A dokar wasan, baƙar ƙwallo ita ce ta ƙarshe, wanda ya jefa ta rami kafin lokacinta an cinye shi. Mai Walda ya auna ja da ido ɗaya, ya buga da ƙarfi. Fara ta bar ja, ta je ta sami baƙa, baƙa ta gangara a hankali kamar mai zuwa gaisuwa, ta shige rami.

Ni ban jefa ko ɗaya ba. Ban ga dalili ba. Gwani ba ya wahalar da kansa.

An aske Mai Walda tas, leɓensa na sama fari sol kamar ba nasa ba. Yanzu ya tayar da rigima wai a sake, kowa da sandarsa. Na ce ba matsala, amma ƙafar uwata za ta koma wajen uwata yau ɗin nan, ranar da ta warke sai a yi. Ga jakar nan. Ki danƙa wa Inna hannu da hannu, ki ce ta riƙe da kyau. Gwiwa ba a yi mata gaggawa.

Kawunki, zakaran sinuka.

*

Zuwa ga Kawuna,

Ina gaishe ka, ina taya ka murna. Umma ma ta ce a yi maka barka, bayan ta gama dariya. Sakamakon gwaji ya fito, na ci Turancin.

A tsaye nake rubuta wannan a jikin motar Direba, yana lodi, don haka zan taƙaita.

Kaka ta sa na karanta mata wasiƙarka. Da na kai ƙarshe ta ce, "Wato gashin bakin yana nan?" Na ce yana nan. Ta ce, "Duka?" Na ce duka. Ta yi tsaki, ta ce wannan Mai Walda ba shi da amfani. Na miƙa mata sandar, ta ce in ajiye, ta saba da ta asibiti.

Kawu, wurin nan da ka ce ba ka jefa ko ɗaya ba ya tsaya mini a rai. Na ɗauko wasiƙarka ta farko na sake karanta ƙarin. Na tuna ɗinkin ƙyalle da tagar kwali. Na tuna kukan da Kaka ta yi a cikin mayafi, wanda yanzu nake zaton ba kuka ba ne. Ba zan ce komai ba, don kai babba ne. Amma na gane. Kunya ta kama ni har na kasa cin abinci.

Sai na mayar da jakar saman sif, na tura ta can ƙurya, na yi niyyar ba zan wahalar da kaina ba ko kaɗan. Na tafi makaranta.

Da na dawo babu jaka, babu Kaka. Umma ta ce da lanƙwasar sandar asibitin Kaka ta janyo jakar, ta yar da sandar a tsakar gida ta fita. Na biyo ta da gudu. Kawu, na same ta a nan wurin lodi, ta rungume jakar da hannu biyu, ta tako tun daga gida babu abin dogara. Ko ɗingishi ba ta yi. Ta danƙa wa Direba, ta ce masa a gaban 'yan lodi, "Ka shiga da ita lokacin cin abinci. Ka gaya wa Mai Walda ƙafar tsohuwa ta warke sarai, kuma kowa ya riƙe sandarsa."

Na roƙi Direba a gefe, ya ce shi ba ya saɓa wa tsofaffi.

Na biya shagon sinuka, wannan karon ban wuce ƙofar ba, na tambayi dattijon ko akwai shawarar da zai ba ka. Ya yi tunani sosai. Ya ce ka rage ƙarfi, kuma ka riƙa buɗe ido lokacin da za ka buga. Ya ce in wurin yana da taga a buɗe ta.

Ni dai ina yi maka addu'a. Kuma ko yaya fuskarka ta dawo, kai ne Kawuna. Abin farin ciki shi ne gwiwar ta warke, na san za ka ji daɗin wannan.

'Yarka,
Shiru.

Ƙari: akwai sabuwar reza a aljihun jakar, kusa da allin. Ba ni na saka ba. Kaka ta ce kada ka wahalar da kanka neman wata. Ko kaɗan.